Ɗaci Mai Ƙamshi: Daga Kwalbar Likita Zuwa Tukunyar Miya

A 'yan shekarun nan da wuya a yi liyafar biki ta masu hali a birnin Katsina ba a ga jan lemon nan da ake kira Chapman ba. Ana zuba shi a manyan kofuna, ƙanƙara na yawo a ciki tare da yankakken kokwamba da lemun zaƙi. Haɗin, wanda ake danganta asalinsa da wani kulob na Ikoyi a Legas, lemon kwalba ne kala biyu da wani jan ruwan sukari, sai abu guda da ke ba shi ɗanɗanonsa na daban: ɗigo kaɗan daga wata 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa, wadda takardar da aka naɗe ta da ita ta fi ƙarfin jikinta. Sunanta Angostura. In babu ita, ko wani abu da zai tsaya a madadinta, zaƙin Chapman kan gundure mutum tun bai kai rabin kofi ba.

Wannan kwalba tana cikin dangin abin da Turawa ke kira bitas, wato tsimen saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci da aka haɗa da kayan ƙamshi. Ya kamata mu san tarihinta, domin ilimin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga iyayenmu mata, kuma domin sunan nan na bitas ya zama mayafin da wasu kwalabe masu cutar da matasanmu ke fakewa a ciki.

A ɗakin magani aka haifi bitas. Likitocin Girka na da suna da wani haɗi mai tsananin ɗaci da ake yi da busasshen ruwan alobera da kirfa da zuma, ana ba mai ciwon ciki. Likitocin Musulmi suka gaje shi suka faɗaɗa, har Ibn Sina ya ware wa irin waɗannan haɗe-haɗe babban sashe a littafinsa Al-Ƙanun, wanda ya kammala a shekarar 1025. Da aka fassara littattafan Larabci zuwa Latin, fadan coci da masu haɗa magani na Turai suka ɗauka, sai dai su a barasa suka riƙa jiƙa saiwoyinsu. Dalilinsu a fili yake. Barasa tana fito da mai da ƙaron da ke cikin itace waɗanda ruwa ba ya iya fitarwa, kuma tana hana jiƙon lalacewa. A 1712 wani mai haɗa magani a Landan, Richard Stoughton, ya samu takardar mallaka daga masarautar Ingila a kan nasa tsimen, wanda ginshiƙinsa saiwar jenshiyan ce, wata ciyawa mai furanni ruwan ɗorawa da ke fitowa a duwatsun Turai. Har yau wannan saiwa ita ce uwar ɗacin da ke cikin yawancin bitas.

Ita kuwa Angostura, yaƙi ne ya kawo ta. Johann Siegert likitan soja ne Bajamushe da ya tafi Benezuwela a 1820 ya shiga rundunar Simon Bolibar, mai yaƙin ƙwatar 'yanci daga Sifaniya. An ba shi kula da asibitin soja a garin Angostura da ke bakin kogin Orinoko, garin da yanzu ake kira Siyudad Bolibar. Sojoji na fama da zazzaɓi da ciwon ciki da rashin cin abinci, sai ya duƙufa gwajin saiwoyi da kayan ƙamshi, ya kammala haɗinsa a 1824. Matuƙan jiragen ruwa da ke tsayawa a garin su ne suka yaɗa shi, don sun ga yana kwantar musu da tashin zuciya a teku. Bayan rasuwarsa a 1870 'ya'yansa suka ƙaura da sana'ar zuwa tsibirin Tirinidad a 1875, kuma can ake yin sa har gobe. Kamfanin bai taɓa bayyana cikakken sirrin haɗin ba. Abin da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne akwai jenshiyan da kayan ƙamshi, kuma kashi 44.7 cikin ɗari na ruwan barasa ne. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Ƙarni na 19 shi ne lokacin cin kasuwar bitas. Wani mai suna Peychaud ya yi nasa a birnin Niyu Olins na Amurka, Fernet-Branca ta fito a Milan a 1845, Underberg a Jamus a 1846. A Amurka abin ya wuce gona da iri: kowane ɗan kasuwa ya cika kwalba da barasa, ya jefa saiwa, ya rubuta cewa tana maganin hanta da ƙoda da jini da zazzaɓi. Sai da gwamnati ta kafa dokar tsabtar abinci da magunguna a 1906, wadda ta tilasta a bayyana barasar da ke cikin kwalba aka kuma hana lakabin yaudara, sannan kasuwar 'yan damfara ta fara mutuwa. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka haƙura da da'awar warkarwa suka koma kayan ɗanɗano. Yau a Tirinidad uwargida kan ɗiga Angostura a miyar nama, a romon kifi, a kan yankakkun 'ya'yan itace, har a kek.

Akwai hannun Afirka a wannan tarihi, ko da yake ba a cika faɗa ba. Wani bawa mai suna Kwasi, da aka kama a yankin da ya zama Gana aka kai Suriname, shi ne ya shahara da warkar da zazzaɓi da wani itace mai ɗaci, har masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa itacen sunansa, kwasiya, kuma ana sa shi a bitas da yawa. Sannan ga kwinin, wanda masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace daga ɓawon itacen sinkona a 1820. Wannan ɗaci ne ya buɗe wa Turawa ƙofar ƙasarmu. Kafin shi zazzaɓin cizon sauro na karkashe su a bakin teku. A 1854 likita William Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai a jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba. Abin da ya biyo baya mun san shi. Ɗan ɗacin da ake ji a lemon kwalba na bita lemon, wanda ke cikin firjin kowane shago daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, ragowar wancan kwinin ne. Namu maɗacin ma Faransawa sun gwada shi a kan zazzaɓi a ƙarni na 19, har suka riƙa kiransa sinkonar Sanagal.

To me ɗaci ke yi wa baki da ciki, da har mutane suka ƙi rabuwa da shi? Harshen ɗan Adam yana da na'urar gane zaƙi iri ɗaya tak, amma na gane ɗaci sun kai iri 25. Hikimar Ubangiji ce, domin yawancin gubar da ke cikin tsirrai ɗaci gare ta, sai aka tsaurara gadi a wannan ƙofa. Shi ya sa jinjiri ke yamutsa fuska in ya ɗanɗani ɗaci, kuma shi ya sa wasu iyaye mata kan shafa abu mai ɗaci a nono lokacin yaye. Idan ɗaci kaɗan ya taɓa harshe, yawu kan tsinko, ciki ya fara shirin karɓar abinci. Wannan shi ne abin da muke kira buɗe ciki, kuma shi ne iyakar abin da za a iya tsayawa a kansa da ƙarfi game da amfanin bitas ga lafiya. A wajen girki kuwa aikinsa ya fi haka bayyana. Ɗaci yana karya zaƙin da ya yi yawa, yana yanke maiƙo, yana sa ɗanɗano ya daɗe a baki. Gishiri da mai kuma suna danne shi. Kayan ƙamshin da ake haɗa shi da su suna lallashin hanci, sai baki ya karɓi abin da zai tofar da a ce shi kaɗai ya zo.

Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya ga wannan ilimi ana aiki da shi, ko da ba a ba shi suna ba. Ɗauki gauta. Mai yin faten tsaki ta san guda nawa za ta jefa a tukunya tare da rama da yakuwa, ta kuma san in ta ƙara biyu a kan haka yara za su ture kwano. Ɗacin gautan shi ke tsaya wa tsamin yakuwa da maiƙon gyaɗa, ya sa faten ya zauna daidai. Ɗauki kwaɗo, ko na zogale ko na tafasa ko na gasaya. Ana dafa ganyen a zubar da ruwan farko, wani lokaci da ɗan kanwa, a matse, sannan a kawo ƙuli-ƙuli da gishiri da albasa da mai. Kowane mataki a nan rage ɗaci yake yi, amma gwanar kwaɗo ba ta kashe shi gaba ɗaya, tana barin ɗan abin da zai sa a ce a ƙaro. Haka shuwaka. Ana murza ta a ruwa ana zubar da kumfa, kuma gwaninta ita ce sanin inda za a tsaya, domin wadda aka wanke har ta zama lami ba ta da wani amfani a miya. Inyamurai da Yarabawa da mutanen Kamaru duk sun gina manyan miyoyinsu a kan wannan ganye. Har birai sun san shi: a 1987 masanin dabbobi Michael Huffman ya ga wata biranya marar lafiya a dajin Mahale na Tanzaniya tana tsotsar ɓargon shuwaka, bayan haka ta warware.

Amma inda muka fi kusa da bitas na Turawa shi ne a turmin daka yaji. Kimba tana da ƙamshi mai ratsa hanci da ɗaci a 'ya'yanta, shi ya sa mai farfesu ke fasa ta ta zubar da wasu 'ya'yan, ko ta jefa ta sukutum ta tsame kafin a sauke. Kanumfari in ya yi yawa a fura ɗaci yake yi, in ya yi daidai shi ne ranta. Ga citta, ga masoro, ga fasaƙwari mai sa harshe zuga, ga hulba da mata ke sha da nono. Idan aka dubi yajin mai jego da kunun kanwar da ake dama mata, za a ga tunanin bai bambanta da na Siegert ba: jikin da ya galabaita yana bukatar abin da zai ɗumama shi ya kuma buɗe masa ciki. Bambancin shi ne hanyar adanawa. Su sun dogara da barasa, mu muka dogara da rana da turmi. Abin da aka shanya ya bushe ƙayau aka daka aka rufe a kwalba yana yin watanni bai canza ba.

Waɗannan kaya ba a gonakin Katsina suke fitowa ba, kuma wannan ma tarihi ne. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar tashar ayarin da ke ƙetare Sahara zuwa ƙasar Hausa, ta Agadas da Gat da Gadamus har Tarabulus. Ta wannan hanya kayan ƙamshin gabas irin su kanumfari suka riƙa shigowa. Kimba da masoro daga dazuzzukan kudu suke zuwa, citta kuma a yau daga kudancin Kaduna, wajajen Kaciya. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna takawa zuwa Gwanja don ɗauko goro, wanda shi ne sarkin ɗaci a al'adarmu. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake karɓar baƙo. Tsofaffi sun san ruwa kan yi zaƙi a baki bayan an ci goro, kuma mai tari ya san namijin goro. Wanda ya shiga 'Yar Kutungu ko Babbar Kasuwa ya tsaya a rumfar masu kayan yaji da ta 'yan magani, zai samu kusan duk abin da ake bukata don haɗa bitas mai kyau a tabarma biyu da ke maƙwabtaka: a nan kanumfari da kirfa da kimba da busasshen lemun tsami, a can sassaƙen maɗaci da tazargade da saiwar tafashiya.

Sai dai mu mun gina katanga tsakanin tabarmun nan biyu. Ɗaci mai sauƙi na ganye da gauta mun bar shi a madafa, ɗaci mai ƙarfi na sassaƙe da saiwa mun miƙa shi ga magani kaɗai, kuma a can ne ma'auni ya ɓace mana. Mun ɗauka iya ɗacin abu iya ƙarfin maganinsa. Mutum zai jiƙa maɗaci ko ganyen darbejiya ya cika moɗa ya shanye, wai yana wanke dattin ciki. Mai juna biyu za a ɗura mata jiƙe-jiƙe da sunan maganin zaƙi, ba wanda ya auna abin da ke ciki balle ya tambayi likita. Ba ina raina itatuwan ba ne. Daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke dogaro da shi yanzu, wanda ya sa aka ba masaniyar da ta gano shi, Tu Youyou, lambar Nobel a 2015. Amma abin da ya mai da ganyen nan maganin asibiti shi ne tacewa da gwaji da awo. Ɗaci kamar gishiri yake, ɗan kaɗan ya gyara tukunya, cikin hannu ya ɓata ta, kuma hanta da ƙoda su ke biyan bashin abin da ya wuce kima.

A kan wannan rauni namu ne bitas na zamani suka sauka. Kamfanin Kasapreko na Gana ya fito da Alomo Bitters, kamfanin Guinness na Najeriya ya biyo da Orijin a 2013, sannan ƙananan kamfanoni barkatai suka cika kasuwa da 'yan kwalabe da leda. Manyan ba su ɓoye cewa giya suke sayarwa ba, yana rubuce a jiki. Matsalar ita ce yadda ake tallar ire-irensu a bakin tasha da lungu: maganin basir, maganin ciwon baya, maganin sanyi, ƙarin kuzari ga maigida. Jihar Katsina na ƙarƙashin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma saurayin da ba zai taɓa yarda a gan shi da kwalbar giya ba yana iya sa 'yar wannan a aljihu ya ce magani ne. Abin da Amurka ta yi fama da shi kafin 1906 shi ne ya iso ƙofarmu. Hukumar NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana yin barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, saboda yadda suke isa hannun yara cikin sauƙi, kuma matakin ya gamu da turjiya daga masu masana'antu.

Akwai kuma bitas da ba su da barasa, waɗanda ake sayarwa a kemis a matsayin maganin gargajiya. Game da su akwai abin da kowa ya kamata ya sani. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe, in ta gaske ce, tana nufin an duba an ga abin ba ya da illa a bayyane in an sha yadda aka tsara. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da cututtukan da aka lissafa, kuma doka ta wajabta a rubuta hakan a jikin kwalbar. Yawancinmu ba ma karanta wannan ɗan layin. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye maganin asibiti ya koma wa kwalbar da ta yi alƙawarin warkar da cuta ashirin yana wasa da ransa ne.

Mu koma kan adadin nan na 44.7. Gaskiya ne ɗigo uku ko huɗu a babban kofi ba za su kai barasar da ke cikinsa ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ba mai buguwa da wannan. Amma ƙa'idar da malamanmu suka karantar da mu ita ce, abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma kwalbar kanta ta fi giya da yawa ƙarfi. Malaman wannan zamani sun yi maganganu mabambanta a kan ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikin abinci, wannan fagensu ne. Nawa ra'ayin shi ne, mai abincin biki ba ta da hurumin yanke wa baƙi ɗari biyar wannan hukunci ba da saninsu ba. Da yawa daga masu haɗawa ba su ma san abin da ke cikin kwalbar ba, sun gani ne a bidiyon girki a waya suka saya. Wasu kuma tuni suka daina sa ta, sai lemon nasu ya koma zaƙi zalla.

Alhali mafita tana cikin madafarmu. A samu ɓawon lemun zaƙi da na lemun tsami, a kankare shi da ɗan farin da ke cikinsa domin a nan ɗacin yake, a haɗa da kanumfari da kirfa da citta da kimba ɗaya da aka fasa, a tafasa a ruwa kaɗan a kan wuta marar ƙarfi har ruwan ya ragu ya yi duhu, a tace, a sa zuma ko sukari kaɗan, a ajiye a firji. Ƙaramin cokali a jug ɗin zoɓo ko na Chapman ya isa. Yana gyara kunun aya, yana shiga shayi, kuma ɗigonsa a romon kan rago yana yanke ƙarni da maiƙo. Ba zai yi shekara kamar na barasa ba, kwanaki kaɗan zai yi, don haka a riƙa yin daidai bukata. Mai son ya daɗe yana iya jiƙa kayan a khal, wato binega, maimakon ruwa. Sassaƙen maɗaci da sauran itatuwan magani kuwa kada a kai su tukunya da ka, sai an san gwargwadon da ba ya cutarwa.

Wannan awon shi ne aikin da ke jiran masananmu. Tun 1916 likita Dalziel ya wallafa littafin da ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa, kuma jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan maɗaci da shuwaka da sabara, amma mafi yawansu suna kan kanta a ɗakin karatu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana nan a birni, ta Tarayya tana Dutsin-ma, ga masu ilimin haɗa magunguna a Zariya. Babu abin da zai hana su zauna da 'yan magani na kasuwa da mata masu sana'ar girki, a fitar da tsime mai ƙamshi wanda ba barasa a cikinsa, an san abin da aka zuba, an san ɗigo nawa ya isa, an rubuta shi da Hausa a jikin kwalba ba tare da da'awar warkar da komai ba. Kasuwarsa ba za ta tsaya a Katsina ba, domin Musulmin duniya da ke guje wa Angostura suna da yawa.

Kafin a kai ga haka, uwargida, in za ki ba da aikin abin sha na biki, ki tambayi mai haɗawa me take ɗigawa a ciki. Kai kuma maigida, duk kwalbar da aka miƙo maka aka ce bitas ce, juya bayanta ka karanta, in ba a rubuta abin da ke ciki da adadinsa ba, mayar wa mai ita.